Inshorar lafiya ta ƙasa, ta jiha, ta kamfani, ko biya daga aljihu: wacce ta dace da kai?

Tun watan Mayun 2022, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, shiga inshorar lafiya ya zama wajibi a kan kowane ɗan Najeriya da duk baƙon da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida. A takarda ke nan. A zahiri, alƙaluman gwamnati na 2025 sun nuna mutum miliyan 20 ne ko sama kaɗan ke da inshora a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marasa lafiya da danginsu yake fitowa. Magidancin da ya yanke shawarar kare iyalinsa yana da hanyoyi huɗu a gabansa: tsarin NHIA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharsa, kamfanin inshora mai zaman kansa, ko ya ci gaba da tanadi yana biya idan ciwo ya zo. Ba za a iya zaɓa ba sai an san da wane awo za a auna su.

Ma'aunin da ake amfani da shi

Masana tattalin arziƙin lafiya suna duba ayyuka uku a kowane tsari: yadda ake tara kuɗi, yadda ake haɗa su a asusu ɗaya, da yadda ake sayen magani da aikin likita da su. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 ya mayar da batun tambayoyi uku: su wa aka ɗauki nauyinsu, wane aikin jinya aka ɗauki nauyinsa, kuma kashi nawa na kuɗin aka ɗauke wa mara lafiya. Daga nan ma'aunai shida suka fito waɗanda mai gida zai iya amfani da su da kansa.

Na farko, farashi da adalcinsa. Tsari mai kyau yana karɓar kuɗi kafin ciwo ya zo, kuma gwargwadon ƙarfin mutum, ba gwargwadon tsananin cutarsa ba. Na biyu, girman asusu: yawan masu zubi, da kuma ko masu lafiya da matasa suna ciki tare da tsofaffi da masu ciwo. Asusun da marasa lafiya kaɗai ke shiga ba ya daɗewa bai durƙushe ba. Na uku, abin da aka yi alkawarin biya da abin da aka cire. Na huɗu, yadda ake biyan asibiti, wanda shi ne ma'aunin da mutane suka fi mantawa alhali shi ke yanke irin tarbar da za a yi maka a bakin kanta. Na biyar, sauƙin shiga da sauƙin amfani. Na shida, ɗorewa: shin katin zai yi aiki baɗi, ko bayan ka yi ritaya, ko ka ƙaura zuwa wata jiha?

Akwai kuma awo ɗaya da ke saman dukansu. A ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana amfani da shi, gidan da ya kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake kashewa gaba ɗaya a kan jinya ya shiga abin da ake kira kashe kuɗi mai karya gida. Aikin inshora shi ne ta hana wannan. Duk tsarin da ke biyan kuɗin maganin mura amma ya janye jiki ranar tiyata, ya faɗi jarrabawar.

Tsarin NHIA

Tushensa dokar soja mai lamba 35 ta 1999, amma bai fara aiki ba sai a watan Yunin 2005, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, da sunan NHIS. Ƙofofi biyu ne suka fi shafar mai karatu: shirin ma'aikata masu albashi, da shirin GIFSHIP na ɗaiɗaikun mutane, iyalai da ƙungiyoyi, wanda aka ƙaddamar a 2020. Ɗaliban manyan makarantu suna da nasu shirin, TISHIP.

A ɓangaren farashi, shirin ma'aikata shi ne ya fi kowanne cika sharaɗin adalci. Ƙa'idar ita ce mai ba da aiki ya zuba kashi 10 cikin 100 na ainihin albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5. Mai albashin naira 100,000 zai ba da 5,000, a ƙara masa 10,000. Mai albashin da ya ninka haka zai ba da ninki, kuma magani ɗaya za a ba su. Zubin yana ɗaukar nauyin ma'aikaci, matar aure ɗaya ko miji, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Nan ne matsalar manyan gidaje take. Mai mata biyu da 'ya'ya tara zai tarar rabin gidansa na waje, sai ya yi musu rajistar ƙarin iyali da kuɗi daban. Yaron da ya cika 18 kuma yana fita daga lissafi ko da har yanzu a gaban mahaifinsa yake cin abinci.

GIFSHIP kuɗi ne tsayayye a kan kowane kai a shekara. Da aka fara shi naira 15,000 ne, an kuma ƙara shi fiye da sau ɗaya tun daga lokacin, don haka a tambayi farashin yau a ofishin hukumar na jiha kafin a yi lissafi. Yana da araha idan aka kwatanta da abin da ke cikinsa, amma bai cika sharaɗin adalci ba: mai shago uku da mai turin baro kuɗi ɗaya suke biya.

Abin da ke cikin kunshin yana da faɗi fiye da yadda mutane da yawa ke zato. Akwai ganin likita, gwaje-gwajen yau da kullum, magungunan da ke cikin jerin hukumar, awon ciki da haihuwa har da tiyatar ciro jariri, ganin ƙwararren likita idan an tura ka, tiyatoci da dama, gwajin ido, da kwanciya a ɗakin gama-gari na adadin kwanaki a shekara. A kan magani mara lafiya yana biyan kashi 10 cikin 100: maganin naira 8,000 zai biya 800. Hawan jini da ciwon sukari suna ciki, kuma ba a korar mutum don ya zo da tsohuwar cuta. Wannan babban abu ne, domin mai hawan jinin da ke sayen magani kowane wata yana iya mayar da kuɗin zubinsa tun shekara ba ta yi nisa ba.

Inda kunshin ya yi rauni shi ne daidai inda gidaje ke karyewa. Dashen ƙoda ba ya ciki, haka dashen kwan haihuwa da tiyatar kwalliya. Wankin ƙoda 'yan zama kaɗan ake biya, ga wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya, ba ga mai ciwon da zai riƙa wanki sau biyu ko uku a mako har tsawon rai ba. Manyan hotuna irin su CT da MRI raba kuɗin ake yi. A kan ciwon daji an fara wasu shirye-shiryen rage farashi, amma har yanzu kaso mai nauyi yana kan iyali. A kan awon kare gida daga karyewa, NHIA ta ci rabin maki: tana tare matsakaicin bala'i, ba ta tare babba.

Yanzu ga ma'auni na huɗu, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Asibitin da ka zaɓa a matsayin na farko ana biyansa kuɗin kai ne: wani adadi a kan kowane mai rajista a kowane wata, ko ya zo ko bai zo ba. Shekaru da yawa wannan adadi yana tsaye a naira 750 yayin da farashin magani ke hawa. Asibitin da ke da mutum 1,000 a rajistarsa yana karɓar 750,000 a wata, kuma tunda mafi yawansu ba za su zo ba, yana iya ɗaukar nauyin waɗanda suka zo. Asibitin da ke da mutum 60 kuwa 45,000 yake karɓa. Masu ciwon sukari biyu da yaro ɗaya mai zazzaɓi mai tsanani sun cinye shi. Daga nan ake samun abin da masu kati suka fi kuka da shi: a ajiye su a layi daban, a rubuta takarda a ce “babu wannan a kantinmu, je ka saya a waje”, ko a ba su mafi arahar magani ba tare da bayani ba. Ba kullum mugunta ba ce. Lissafi ne bai fita ba. A 2024 hukumar ta ƙara kuɗin kai da kashi 60 cikin 100 da kuɗin aikin ƙwararru da kashi 40, ta sake yin wani ƙarin a 2025. Gyara ne na gaske, sai dai hauhawar farashi ta riga ta ci wani ɓangarensa.

Aikin mataki na biyu, wato tiyata, ƙwararren likita da manyan gwaje-gwaje, ana biyansa ne aiki-aiki, kuma sai HMO, wato kamfanin da ke tsakanin hukumar da asibiti wanda ke riƙe da rajistarka, ya ba da lambar izini. A nan jinkiri yake. Asibiti ya aika buƙata, kamfani ya yi shiru, mara lafiya na kwance yana jira, dangi su gaji su biya da kansu. A 2025 hukumar ta umarci kamfanonin su ba da lambar cikin awa ɗaya, kuma a gaggawa a fara jinya kafin lambar ta iso. Mai kati ya san wannan haƙƙi nasa, ya riƙe lambar wayar kamfaninsa da ta ofishin hukumar, ya kira da kansa maimakon ya bar wa ma'aikacin kanta.

Shiga ba ta da wuya: lambar NIN, hoto, zaɓen asibiti, biyan kuɗi. Amma katin ba ya fara aiki ranar da aka biya. Akwai jiran wata biyu zuwa uku kafin sunanka ya bayyana a jerin da ake aika wa asibiti. Wanda ya je rajista da takardar tiyata a hannu ya makara. Ana iya sauya asibiti bayan wata shida idan bai gamsar ba.

A kan girman asusu da ɗorewa, tsarin yana da ƙarfin doka da goyon bayan gwamnatin tarayya, kuma yana aiki a duk jihohi. Rauninsa shi ne kuɗin a rarrabe suke: asusun ma'aikatan tarayya daban, na kowace jiha daban, na kamfanoni daban, ba kuma mai tallafa wa wani. Gana ta bi wata hanya tun 2003, ta ɗora harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki da ayyuka don ciyar da asusu guda na ƙasa, shi ya sa ta shigar da kason jama'arta da ya fi na Najeriya yawa duk da ita ma tana fama da jinkirin biyan asibitoci. Koriya ta Kudu ta fara tilasta inshora a 1977 ta kai ga kowa a 1989. Najeriya kuwa bayan shekara 20 kusan kashi ɗaya cikin goma kawai ta kai. Dalilin a bayyane yake: tsarin da ya dogara da yankan albashi ba zai kai ga ƙasar da mafi yawan masu nema ba su da takardar albashi ba, sai an zuba kuɗin haraji.

Hukumomin jihohi

Dokar 2022 ta ɗora wa jihohi babban nauyi, kuma kusan kowace jiha tana da hukumarta: KSCHMA a Kano, KADCHMA a Kaduna, LASHMA a Legas. A jihohin Arewa da dama an gina su a kan tsarin taimakekeniya, wanda ya kwantar da hankalin mutane da yawa masu shakka a kan halaccin inshorar kasuwanci.

A jihohi da yawa ma'aikacin jiha ko ƙaramar hukuma ba shi da zaɓi, ana yanka daga albashi. Ga mai sana'ar kansa, zubin shekara a jiha yawanci ya fi na GIFSHIP sauƙi, kuma asibitocin da ke cikin jerin sun fi kusa da gida, har da ƙananan cibiyoyin lafiya na unguwa da ƙauye. Ta wannan ƙofa ce kuma ake shigar da masu rauni kyauta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kiwon lafiya na matakin farko, BHCPF, kusan rabinsa kuma yana tafiya ne wajen biya wa talakawa, mata masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi da masu naƙasa. Guraben ba su kai yawan mabuƙata ba, amma duk wanda ya cancanta ya je cibiyar lafiya ta mazaɓarsa ya tambaya kafin ya ciro ko kwabo.

Haɗarin biyu ne. Katin jiha yawanci a cikin jihar yake aiki, don haka direban babbar mota ko ɗan kasuwar da ke rabin shekara a kudu ba shi da kariya a can. Na biyu, ingancin hukumar ya rataya ne a kan gwamnatin da ke kan mulki: idan aka yanki kuɗin ma'aikata ba a miƙa wa hukumar a kan lokaci ba, ko jiha ba ta zuba nata kason ba, asibitoci sukan fara juya wa masu kati baya. Jihohi sun bambanta ƙwarai a nan, kuma hanya mafi inganci ta sanin gaskiya ita ce a tambayi masu kati uku ko huɗu da ke zuwa asibitin da kake son zaɓa ko suna samun magani a ciki.

Kamfani mai zaman kansa

A nan ana sayen sauƙi ne. Asibitoci masu tsada, layi gajere, lambar izini da sauri, wani lokaci ganin likita ta waya. Farashin ya ninka na gwamnati sau da yawa, yana kuma hawa da shekarun mutum da matakin kunshin da ya zaɓa. A kan adalci ya faɗi gaba ɗaya, domin wanda ya fi buƙata shi ya fi biya.

Abin da ke cutar da masu saye yana cikin ƙananan rubutun yarjejeniya. Akwai iyakar kuɗin shekara, akwai kuma iyaka daban a kan tiyata, kwanciya da magani, ta yadda kunshin da ya yi kama da babba zai iya ƙarewa a kwanciya ɗaya. Kunshin mutum ɗaya yakan sa jiran watanni masu yawa, har kusan shekara, kafin ya biya haihuwa ko tiyatar da ba ta gaggawa ba. Tsohuwar cuta ana iya cire ta ko a jinkirta ta. Da yawa ba sa karɓar wanda ya haura shekara 60 ko 65 sai a kunshi na musamman mai tsada. Idan ma'aikatarka ce ta saya wa ma'aikata a dunƙule, yawancin waɗannan sharuɗɗa sukan sassauta, amma ranar da aiki ya ƙare kariyar ta ƙare. Kafin a biya, a tabbatar kamfanin yana cikin waɗanda NHIA ta ba lasisi, a kuma kira asibitin da kansa a ji ko har yanzu yana karɓar katinsu.

Tanadi da biya daga aljihu

Babu fom, babu lambar izini, kowane asibiti zai karɓe ka. Iyakar amfaninsa ke nan. Asusu ne na gida ɗaya, ba wanda zai raba nauyin da kai, kuma ciwo ba ya jiran tanadi ya cika. Sakamakonsa sananne ne: jinkirta zuwa asibiti, sayen rabin magani, sayar da dabba ko fili, bashi. Tanadi yana da muhimmanci a matsayin ƙari a kan kati, don biyan kashi goman magani, kuɗin mota da abin da aka cire daga kunshi.

| Ma'auni | NHIA | Hukumar jiha | Kamfani | Aljihu |
|---|---|---|---|---|
| Farashi | Kaso na albashi, ko tsayayyen kuɗi a shekara | Yawanci mafi araha. Kyauta ga wasu masu rauni | Mafi tsada, yana hawa da shekaru | Ba zubi, amma ba iyaka |
| Girman asusu | Babba, amma a rarrabe | Ya danganta da jiha | Na kamfanin kaɗai | Gida ɗaya |
| Tsohuwar cuta | Ana karɓa | Yawanci ana karɓa | Jira ko cirewa | Duk a kanka |
| Haihuwa da tiyata | Suna ciki, da lambar izini | Yawanci suna ciki | Bayan jira, da iyaka | Duk a kanka |
| Ƙoda da ciwon daji | Kaɗan | Kaɗan ko babu | Sai babban kunshi | Duk a kanka |
| Sauƙin amfani | Layi da ƙarancin magani | Kusa da gida, inganci ya bambanta | Mafi sauƙi | Nan take, idan akwai kuɗi |
| Aiki a wata jiha | E | Da wuya | A asibitocin jerinsu | E |
| Babban haɗari | Asibiti mai ƙarancin masu rajista | Jiha ta ƙi sakin kuɗi | Ƙananan sharuɗɗa | Karyewar gida |

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Ma'aikacin tarayya ya riga ya shiga. Aikinsa shi ne zaɓen asibiti. Ya nemi wanda ke da masu rajista da yawa, da kantin magani da ɗakin gwaji a ciki, da teburin inshora mai ma'aikaci na dindindin, ko da ya fi nisa kaɗan. Ya kuma yi wa sauran matansa da 'ya'yansa rajistar ƙarin iyali tun suna lafiya.

Mai sana'ar kansa da ke zaune wuri ɗaya, wanda buƙatun gidansa su ne zazzaɓi, awon ciki, haihuwa da jinyar yara, ya fara da hukumar jiharsa, bayan ya tambayi masu amfani da ita. Idan amsar da ya ji ba ta gamsar ba, ko yana yawan tafiya, GIFSHIP ya fi masa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa, direbobi da masu sana'a su shiga a dunƙule, domin ƙungiyar da ta kai mutum ɗari asibiti ɗaya tana da bakin magana da mutum ɗaya ba shi da shi.

Mai hawan jini, ciwon sukari ko sikila, da wanda ke ɗauke da nauyin iyaye tsofaffi, tsarin gwamnati ne nasu, na tarayya ko na jiha, tunda ba ya kora kuma ba ya ƙara kuɗi saboda cuta. Ma'auratan da ke sa ran haihuwa su yi rajista kafin ciki ko a farkonsa saboda watannin jira.

Wanda lokacinsa ke da tsada kuma yana da hali ya sayi kunshin kamfani, amma ya karanta iyakar tiyata da ta kwanciya kafin iyakar shekara, kuma ya riƙe katin gwamnati a gefe idan akwai mai tsohuwar cuta a gidan. Wanda ba shi da halin zubi ko kaɗan ya nemi gurbin BHCPF a cibiyar lafiya ta mazaɓarsa, mace mai ciki kuma ta tambayi ko asibitin da ke kusa yana cikin shirin tiyatar haihuwa kyauta ga mabuƙata da ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar a 2024. Gidan da ke da tarihin ciwon ƙoda ko ciwon daji kuwa ya ɗauki kati, ya kuma ware tanadi na musamman a asusun da ba a taɓawa, domin a cikin hanyoyin huɗun babu wadda ke ɗauke wannan nauyi gaba ɗaya a yau.